Sayen Jirgin King Air Na Hannu: Darajarsa Tana Cikin Inji Da Takardu

Jirgin da ake kira "turboprop" shi ne wanda injinsa ke ƙona kananzir irin na jiragen jet, amma ƙarfin da injin ya samar yana tafiya ne wajen juya farfela, abin da ya sa ba ya shan mai kamar jet a gajeriyar tafiya, kuma yana iya sauka a ƙananan filayen da manyan jirage ba sa zuwa. A cikin masu inji biyu babu wanda ya kai King Air karɓuwa a wurin 'yan kasuwa, domin tun 1964 kamfanin Beechcraft yake ƙera shi a Wichita ta jihar Kansas a Amurka, kuma samfurin B200 yana ɗaukar fasinja bakwai ko takwas da gudun da ya haura kilomita 500 a awa guda.

Mai sayen na hannu yakan ruɗu da sabon fenti da kujerun fata, alhali kuwa mafi yawan kuɗin jirgin yana cikin injinansa biyu. Injin PT6A-42 na kamfanin Pratt & Whitney Canada, wanda ke jikin B200, ana yi masa garambawul ne bayan awa 3,600 na tashi, sannan a rabin wannan wa'adi a buɗe ɓangaren da wuta ke ci a duba shi. Saboda haka jirage biyu da aka ƙera a shekara ɗaya suna iya bambanta ƙwarai a farashi, idan ɗaya bai daɗe da fitowa daga garambawul ba, ɗayan kuma ya kusa cinye awoyinsa, tunda gyaran inji guda yana lashe dubban ɗaruruwan daloli. Kafin a kai ga ciniki, injiniya yakan zura siririyar kyamara cikin injin, ya bi fukafukan da ke juyawa ɗaya bayan ɗaya yana neman ƙuna ko tsagewa.

Bayan inji sai littattafan gyara, waɗanda a cikinsu ake rubuta awoyin tashi, da yawan sauka, da duk abin da aka canza. Shafin da ya ɓata yana rage darajar jirgi nan take, domin aikin da ba shi da shaida a rubuce, a dokar jiragen sama, kamar ba a yi shi ba ne. A nan ne ake tabbatar da cewa an cika umarnin gyara na dole da hukumar FAA ta Amurka ke fitarwa, yayin da ofishin rajistarta a birnin Oklahoma ke nuna ko akwai bashi a kan jirgin. Binciken jirgin kafin saye kuwa ya kamata a damƙa shi ga masu gyaran da ba su da alaƙa da mai sayarwa, su buɗe ƙasan daɓe da cikin fukafukai su nemi tsatsa, musamman idan jirgin ya zauna a bakin teku.

Wanda zai kawo jirgin Nijeriya sai ya nemi izinin hukumar kula da jiragen sama ta ƙasar, wato NCAA, ya kuma sa a ransa cewa ƙurar hunturu tana cin fukafukan inji a hankali, don haka wankin inji a kai a kai ya zama dole. Albashin matuƙa da horar da su, da inshora, da kuɗin rumfar ajiya, duk suna nan ko jirgin ya tashi ko bai tashi ba, shi ya sa masana harkar ke fara ƙirga awoyin da mai saye zai yi a sama cikin shekara kafin su taya masa jirgi.