Ahmed Musa: Daga Filin Ƙofar Mata Zuwa Gasar Duniya

Duk wanda ya bi ta Kudan ko Hunƙuyi ko Maƙarfi bayan la'asar zai tarar da samari suna buga ƙwallo a filayen makarantu, kuma da wuya a rasa mai mafarkin zuwa Turai a cikinsu. To, tarihin Ahmed Musa ya isa ya nuna musu inda hanyar take farawa.

An haifi Ahmed Musa a Jos ran 14 ga Oktoba, 1992. Sunansa ya fara fitowa ne a ƙungiyar Kano Pillars, inda ya ci ƙwallo 18 a kakar wasa ta 2009 zuwa 2010, ya fi kowane ɗan wasa a gasar ƙasa. Wannan bajinta da ya nuna a filin wasa na Ƙofar Mata ita ce ta jawo hankalin ƙungiyar VVV-Venlo ta ƙasar Holan, wadda ta ɗauke shi a 2010. Daga nan ya wuce CSKA ta birnin Mosko a 2012, inda suka ci gasar Rasha har sau uku, sa'an nan Leicester ta Ingila a 2016, da Al-Nassr ta Saudiyya a 2018.

Amma abin da ya fi ɗaukaka shi a idon jama'a shi ne hidimar da ya yi wa ƙasa. Yana cikin 'yan wasan da suka ciwo Kofin Afirka a 2013 a ƙarƙashin marigayi Stephen Keshi, abin da ya sa Gwamnatin Tarayya ta ba su lambar girma ta MON. A gasar Kofin Duniya ta 2014 ya jefa ƙwallo biyu a ragar Ajantina, a ta 2018 kuma ya ƙara biyu a ragar Aisilan. Da haka ya zama ɗan Nijeriya na farko da ya ci ƙwallo a gasar duniya biyu. Ya buga wa Nijeriya wasa fiye da 100.

Duk da wannan ɗaukaka bai juya wa gida baya ba. Ya buɗe cibiyar wasanni a Hotoro cikin Kano a 2017, ya dawo ya sake sa rigar Pillars a 2021, kuma a 2025 Gwamnatin Jihar Kano ta naɗa shi babban manajan ƙungiyar.

Abin lura a nan shi ne, ba a bayan fage Turawa suka tsinto shi ba, sai da ya yi fice a gasar gida tukuna. Saboda haka ya kamata samari su yi hattara da dillalan da ke karɓar kuɗin iyaye da alkawarin kai yaro Turai. Ƙananan hukumomi kuma su gyara filaye, su farfaɗo da gasar makarantu, domin da ma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.