GUZURIN GIDA BA ƘAUYANCI BA NE: Abin Da Ya Faru Da Ni A Dutsen Ƙanƙara

 Yau labarin kaina na zo muku da shi, kuma wallahi sai da na yi ta jan ƙafa kafin in ɗauki biro, domin akwai abin kunya a ciki. To amma na ga idan na ɓoye, wata ma za ta iya faɗawa ramin da na faɗa.

Wata shida da aurenmu na bi maigidana zuwa birnin Istanbul na ƙasar Turkiyya, inda yake karatun digiri na biyu. Ɗan wan babana ne, don haka har yau Yaya nake ce masa. Ba masu hali ba ne mu, ɗan alawus ɗin karatunsa ne muke lallaɓawa, ni kuma ina yi wa 'yan uwanmu mata da ke can kitso da lalle, ina soya cincin ina sayar musu. Ga shi a ƙarshen shekarar 2021 kuɗin ƙasar, wato lira, ya faɗi warwas, kaya suka yi tashin gwauron zabo, abin da kika saya yau ba haka za ki saye shi mako mai zuwa ba.

Duk da haka akwai burin da ya tsaya mini a rai. Tun ina makarantar kwana nake ganin hoton Turawa a jikin kalanda suna wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara, wanda suke kira ski, Turkawa kuma su ce kayak. Sai na buɗe asusu, na yi wata huɗu ina jefa ribar cincin. Da muka cika shekara guda da aure na fasa, na zube kuɗin a gaban Yaya na ce, "Yaya, ga gudummawata, don Allah ka kai ni in taka ƙanƙarar nan ko sau ɗaya ne." Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ƙara nasa a kai, sannan ya ɗaga wata ambulan ya ce, "Wannan kuwa kuɗin sabunta takardar izinin zamanki ne, wata mai zuwa za a biya. Zan riƙe ta ne saboda tsautsayi, amma ko kwabo ba za mu taɓa ba." Na ce na ji na yarda.

A mako na biyu na watan Janairun 2022 muka kama hanya, mu da wani abokinsa da matarsa, wadda zan sakaya sunanta. Jirgin ruwa muka shiga, muka ratsa tekun Marmara, tafiyar kamar awa biyu zuwa garin Mudanya, daga nan muka hau mota zuwa Bursa. Dutsen da muka nufa sunansa Uludag, ma'ana babban dutse, tsayinsa mita 2,543, yana tsaye a kan birnin kamar ya rufto masa. A can sama akwai manya-manyan otal, amma kwana ɗaya a cikinsu sai ya cinye kuɗin kwanakinmu duka, saboda haka a cikin gari muka kama ɗan gida mai ɗaki biyu da kicin, muka raba kuɗin biyu. Wannan ita ce dabara ta farko, kuma ta Yaya ce.

Ni kuwa tun daga gida na yi shiri irin na Hajiyarmu idan za ta yi doguwar tafiya: dambun kaza cike da roba, cincin, soyayyar gyaɗa, dabino, yaji, da filas babba. Da safe ina cikin zuba su a jaka sai ƙawar tawa ta leƙo kicin, ta riƙe haɓa ta ce, "Tabɗijam! Ke yanzu da wannan kayan za ki hau dutsen da 'yan gayu ke zuwa? Sai ka ce mai zuwa cin kasuwar ƙauye? Don Allah kar ki ba mu kunya." Ke 'yar uwa, nan take na ji na muzanta. Na maida komai cikin kabad, na fito da 'yar jakata ta hannu ina taku ɗai-ɗai. Yaya ya tambaye ni ina guzurin, na ce ai na manta. Ƙarya ta farko ke nan.

Muka hau abin da suke kira telefarik, wasu 'yan ɗakunan gilashi ne masu cin mutum takwas, suna tafiya a rataye jikin igiyar ƙarfe. Tun 1963 aka fara shi a Bursa, aka sabunta shi a 2014, tsawonsa ya kai wajen kilomita 9. Ina kallon itatuwa suna komawa fari fat a ƙarƙashinmu, ina ta salati a zuci. Da muka sauka kuwa na ɗebi ƙanƙarar a hannuna, laushi kamar garin tuwo, sai ga hawaye.

To daga nan ne fa ɓarna ta fara. Ƙawata ta ce sai mun sayi tikitin lilon hawa dutse na yini guda, muka saya, alhali ko tsayuwa a kan katakon zamiyar ban iya ba. Haya muka yi ta takalma da sanduna a shagon farko da muka gani, ba tayi ba tambaya. Wajen azahar yunwa ta taso, irin yunwar sanyi mai sa hannu rawa, ta ja mu wani gidan abinci mai bangon gilashi. Aka kawo nama, aka kawo miya, aka kawo lemo, aka ƙara da kayan zaƙi, ni kuma ina ta murmushi ana ɗaukar hoto. Da aka kawo takardar kuɗi na ga fuskar Yaya ta canza. Kuɗin abincin da muka ware na kwana uku, zama ɗaya ya tafi da shi, har bai isa ba. A gaban idona ya juya baya, ya zaro ambulan ɗin nan ya cika.

Har muka sauko bai ce mini uffan ba. Da daddare ya buɗe kabad zai ɗauki kofi, sai ga robar dambu tana kallonsa. Ya daɗe a tsaye, sannan ya ce, "Ashe ba mantuwa kika yi ba." Wallahi da duka ya yi mini da ya fi mini sauƙi. Ya ce, "Ba kuɗin ne ya dame ni ba, kunyar abin hannunki da kika ji ita ta dame ni. Gobe mu koma gida, kafin mu cinye takardarki." Na durƙusa na ba shi haƙuri ina kuka, na ce, "Yaya, ka ba ni kwana biyun da suka rage, ka miƙo mini ragowar kuɗin in riƙe. Idan na sake taɓa ambulan ɗin nan, kar ka ƙara yarda da maganata." Ya yi shiru can, sai ya miƙo mini walat ɗinsa.

A daren na zauna da biro da takarda. Ga abin da na yi, kuma shi nake so ku riƙe.

Na farko, na raba kuɗin gida huɗu: na mota, na haya, na abinci, da na ko-ta-kwana, kowanne na naɗe shi daban. Abin da ba a rubuta ba, ba a saye.

Na biyu, na ja Yaya zuwa kantin unguwa kafin a rufe. A Turkiyya akwai kantuna masu rangwame irin su BİM da A101 da Şok kusan a kowane layi. Na sayi burodi, ƙwai, cuku, zaitun, tumatir, taliya, ganyen shayi, lemon zaƙi da jan waken nan ƙanana da suke miya da shi. Duk abin da na saya na kwana biyu bai kai kuɗin farantin mutum ɗaya a can sama ba. Dalili kuwa a fili yake: komai sai an hau da shi dutse, 'yan watannin sanyi ne kasuwarsu, kuma sun san mai jin yunwa ba shi da wurin zuwa.

Na uku, karin kumallo mai nauyi. Da asuba na dafa ƙwai, na yi miyar waken nan mai kauri, muka ci muka yi nak. Sanyi da motsa jiki suna ƙona abinci da wuri, wadda ta fita da ruwan shayi kawai a cikinta ita ce za ta sayi duk abin da aka ɗora mata.

Na huɗu, guzuri. Na tsaga burodi na cusa dambu da ƙwai da ɗan yaji, na naɗe ɗaya-ɗaya. Na cika filas da shayi mai citta da kanumfari. Dabino da gyaɗa kuma a aljihun ciki na rigar sanyi, saboda ɗumin jiki ya hana su sandarewa. Ruwan sha ma daga gida muka ɗauka, don a cikin sanyi mutum ba ya jin ƙishi alhali jikinsa yana bukata.

Na biyar, mota. Telefarik abin sha'awa ne, amma mun riga mun ɗanɗana. Sai muka koma shiga ƙananan motocin haya da suke kira dolmush, masu jiran su cika kafin su tashi, kamar dai namu na tasha. Hanyar ta kai kilomita talatin da 'yan kai, tana ta murɗawa, amma kuɗin ya fi sauƙi.

Na shida, haya da tikiti. Muka zaga shago uku muna tambaya kafin mu tsaya a ɗaya, kuma da yake na kwana biyu za mu ɗauka, mu huɗu, aka yi mana ragi. Rigar sanyi da wando ba mu saya ba, aro na yi wurin wata ɗaliba tun daga Istanbul, na ɗora a kan kayana, hijabina ƙarami a ciki, hula a sama. Tikitin yini kuwa na soke shi. Sabon shiga a gindin gangara yake wuni yana faɗuwa yana tashi, to me zai yi da tikitin ƙololuwa? Sai ranar ƙarshe muka sayi na hawa ɗai-ɗai.

Amma fa ku ji da kyau, akwai inda ba a tsumulmula. Mun haɗa kuɗi mu huɗu mun ɗauki mai koyarwa na awa guda, shi ya nuna mana yadda ake haɗa kan katakon biyu a tsaya, da yadda ake faɗuwa ta gefe. Safar hannu mai kyau, hular kwano da tabarau su ma dole ne, domin hasken rana idan ya daki ƙanƙara yana dawowa ido. Wadda ta ƙi biyan kuɗin koyo ta je ta karya ƙafa, ai ta yi asarar da ta fi wadda take gudu.

Wani abin da ya taimake mu shi ne lokaci. A tsakiyar mako muka je, kuma kafin hutun makarantun ƙasar na mako biyu da ake yi daga ƙarshen Janairu. Asabar da Lahadi da lokacin hutu, masauki ya fi tsada, layi ya fi tsawo.

Ranar Laraba da azahar muka sami wani benci a gefe, na buɗe jaka. Ƙamshin citta ya tashi. Ina ɗaga kai sai na ga iyalan Turkawa a kusa da mu, uwa da uba da yara, su ma da filas ɗinsu da burodinsu, har uwar ta miƙo mini zaitun, ni kuma na ba ta cincin, ta ci tana gyaɗa kai. Ashe 'yan ƙasa ma haka suke yi, ni ce baƙuwa na ɗauka abin kunya ne! Ƙawata da ta tsaya nesa-nesa tana latsa waya, can sai ga ta ta matso ta ce, "Ɗan sam mini shayin nan mana." Na zuba mata, na miƙa mata burodi da dambu. Tana ci sai idonta ya kawo ruwa, ta ce mini a hankali, "Wallahi kuɗin da muka kashe jiya rance ne, ko barci mijina bai yi ba." Ban ce mata komai ba, na dai ƙara mata shayi. Washegari tare muka tashi da asuba muna dafa ƙwai.

Da yamma idan mun sauko, yawon da ba a biya muke yi. Bursa ita ce babban birni na farko na daular Usmaniyya, sun karɓe ta a 1326. Mun yi sallah a babban masallacin Ulu Jami mai ƙubba 20, wanda Sarki Bayazid na ɗaya ya gina, aka gama a 1399, da wurin alwala a tsakiyarsa. Mun ziyarci kabarin Usman Gazi da na ɗansa Orhan, waɗanda masu kallon fina-finan Turkiyya suka san sunayensu. Mun leƙa Koza Han, tsohuwar kasuwar alharini, muka sha kallo ba mu sayi komai ba. Abincin dare kuwa taliya ce da miyar tumatir a masauki.

Daren ƙarshe na zazzage kuɗin da suka rage a kan gado. Na ƙirga abin da aka zara daga ambulan na mayar cif, na miƙa wa Yaya. Ragowar ta isa muka sayi faranti ɗaya na kebab ɗin Iskandar, abincin da Bursa ta yi suna da shi, muka ci tare, cokali biyu faranti guda. Ya dube ni ya ce, "Daga yau ke ce ma'ajin gidan nan." Har yanzu kuwa ni ce.

'Yan uwana, na san da yawanku ba dutsen ƙanƙara za ku ba, wata yawon buɗe ido na makaranta ne, wata biki ne a wani gari, wata kuma karatu zai kai ta inda ba ta zata ba. Ko ina ne, ki san abin da ke jakarki kafin ki fita, ki ci ki ƙoshi a gida, ki riƙe guzurinki, kar ki bari bakin wata ya sa ki raina abin da kika dafa da hannunki. Hausawa sun ce daidai ruwa daidai tsaki. Ni sai da na kusa cinye takardar zamana a faranti ɗaya kafin na gane.

Allah ya ba mu wadatar zuci, ya sa albarka a cikin ɗan abin da muke da shi. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, taku har kullum.