Tarihin Kalma: Daga Sukari zuwa Zucchero

Gabatarwa

Nazarin asalin kalma fanni ne na kimiyyar harshe da ke bin diddigin kalma, daga harshen da ta tsiro zuwa harsunan da suka are ta. A ƙananan hukumomin Maƙarfi da Kudan da Ikara ana noman rake sosai, ana kuma dafa mazarƙwaila. Don haka kalmar sukari misali ce da ɗalibi zai saurin fahimta.

Tushen Kalmar

Italiyawa na kiran sukari zucchero. Tushenta shi ne sharkara a harshen Sanskirit na ƙasar Indiya, wadda ma'anarta ta farko ita ce tsakuwa, saboda kamannin ƙwayoyin sukari. Farisawa suka are ta suka ce shakar, Larabawa kuma suka mayar da ita sukkar. Bayan da Musulmi suka fara mamaye tsibirin Sisili a shekarar 827, noman rake ya bunƙasa a can, kalmar kuma ta shiga Italiyanci. Daga nan Faransanci ya samu sucre, wadda Ingilishi ya ara ta zama sugar wajen ƙarshen ƙarni na 13.

Shigowarta Hausa

Kalmar ta shigo Hausa ta hanya biyu. Ta farko ita ce ta Larabci, wadda ta ba mu sukari. A nan an sassauta baƙin /kk/ ya koma /k/, sannan aka ƙara wasalin /i/, domin yawancin kalmomin Hausa da wasali suke ƙarewa. Ta biyu ita ce ta Ingilishi, wadda ta ba mu suga ko shuga a zamanin Turawa. Shi ya sa ake jin ciwon sukari da ciwon suga, duk cuta ɗaya ake nufi.

Abin lura kuma, Sifaniyanci ya ari kalmar tare da ɗafa-goshin Larabci al-, ya ce azúcar. Hausa ta yi haka a albasa da alƙalami, amma a sukari ta yar da shi, kamar yadda Italiyanci ya yi.

Kammalawa

Ɗalibai da dama na ɗaukar sukari a matsayin aro daga Ingilishi, don kawai kalmomin biyu sun yi kama. Wajibi ne malami ya nuna musu cewa kama da wane ba ta wane. Kafin a yanke hukunci kan asalin kalma, sai an duba sauye-sauyen sauti da tarihin cuɗanyar al'ummomin.

Auna Fahimta

Kawo kalmomi biyar da Hausa ta aro daga Larabci, ka bayyana sauye-sauyen sautin da suka same su.