Dabinon Dutse Cikin Rigar Cakulan

A cikin tsarabar da alhazai ke dawowa da ita daga Saudiyya, ban da zamzam da carbi da dadduma, akwai wani kwali da yara ke sa wa ido tun kafin a kwance kaya: dabino lulluɓe da cakulan, an cire masa ƙwallo an cusa 'ya'yan itace a gurbinsa. Ba ya kwana biyu a gida. Idan ya ƙare, sai a jira wata shekarar, ko a shiga babban kanti a Kano a ji kuɗin da zai sa mutum ya mayar da kwalin inda ya ɗauko shi.

Tsadar tana da dalili. A farkon 2023 ana sayar da tan ɗaya na koko a kasuwar duniya kan kusan dala 2,500. Zuwa Maris 2024 ya haura dala 10,000, a Disamba kuma ya wuce 12,000, saboda cututtuka da rikicewar damina sun lalata amfanin gona a Ghana da Kwaddibuwa, ƙasashe biyun da ke samar da fiye da rabin kokon duniya. Ga kuma faɗuwar darajar naira tun daga Yunin 2023. Farashin ya sauko daga baya, amma mun san halin kasuwarmu: abin da ya hau, da wuya ya dawo.

Abin da ke damuna shi ne, rabin wannan tsaraba a ƙofar gidanmu yake. Dutse garin dabino ne, har Cibiyar Binciken Kwakwar Manja ta Najeriya, NIFOR, ta kafa reshenta na binciken dabino a nan. Dabinon yankin nan kan yi 'ya'ya sau biyu a shekara, da rani da kuma damina, abin da ba kowace ƙasar dabino ke samu ba. Duk da haka a mudu muke sayar da shi, a baro ko a tire, kamar yadda kakanninmu suka yi. Ɗaya rabin, wato cakulan, shi ne ke buƙatar a fahimce shi kafin a ɗora tukunya.

Sirrin cakulan yana cikin man koko. Wannan mai yana narkewa a wajen digiri 34, ƙasa kaɗan da zafin jikin mutum, shi ya sa yake da tauri a hannu amma ya narke a kan harshe. Idan aka narkar da shi aka bar shi ya daskare yadda ya ga dama, ƙwayoyin man kan jeru ta hanyoyi har shida, kuma ɗaya ce kawai ke ba da sheƙi da ƙaran nan na "ƙas" idan an karya. Sauran sukan ba da cakulan mai taushi, mai dishi-dishi, mai manne wa yatsa. Masu sana'ar suna narkar da baƙin cakulan zuwa digiri 45 ko 50, su sauko da shi 27, sannan su ɗan ɗaga zuwa 31 ko 32. Wadda ba ta da ma'aunin zafi tana da dabara: ta narkar da kashi biyu cikin uku, ta sauke, ta zuba sauran kashin da ta yayyanka ƙanana, ta yi ta juyawa har ya narke. Wanda bai narke ba shi ke koya wa narkakken yadda zai jeru. In ta ɗiga a ƙasan leɓenta ta ji ɗan sanyi, ya yi.

Akwai hanya mafi sauƙi. Masu sayar da kayan haɗa kek suna da cakulan na dunƙule wanda aka yi da garin koko da man alayyadi maimakon man koko. Ya fi araha, ba ya buƙatar wancan hawa da saukar zafi, kuma ya fi jure yanayinmu. Ɗanɗanonsa bai kai na asali ba, yakan bar ɗan maiƙo a dasashi. Ga mai farawa dai, shi nake ba da shawara.

Ko wanne aka zaɓa, babban abokin gabarsa ruwa ne. Ɗigo kaɗan ya isa ya jiƙa sukarin da ke ciki, ya dunƙule, cakulan ya koma kamar tuwon da ya kwana. Don haka ba a ɗora shi kai tsaye a wuta, ba a kuma rufe shi da murfi. A tafasa ruwa kaɗan a tukunya, a rage wuta sosai, a ɗora busasshen kwanon silba a bakinta yadda gindinsa ba zai taɓa ruwan ba, tururi kuma ba zai shiga ciki ba. Dabinon ma haka: a goge shi da tsumma mai ɗan danshi, a shanya ya bushe sarai. A tsaga kowane ɗaya ta gefe, a cire ƙwallon, a duba cikinsa da kyau, domin busasshen dabino kan ɓoye tsutsa da garinta. A cusa soyayyar gyaɗa biyu ko gutsuren kantun riɗi, a matse bakin, a soka tsinken sakace, a tsoma, a ɗaga a bar rarar ta tsiyaye. A jera a faranti da aka shimfiɗa wa leda mai tsabta. Kafin ya daskare a barbaɗa soyayyen riɗi, wanda Jigawa ke cikin jihohin da suka fi noma shi.

Milo da Bournvita ba za su yi wannan aiki ba, domin an yi su ne don sha, ba su da man da zai daskare.

Sai batun lokaci. A Maris da Afrilu, lokacin da zafin Dutse ke haura digiri 40, cakulan na asali ba zai tsaya a ɗaki ba. Da hunturu ne aikin ke daɗi, a Disamba da Janairu, musamman da sassafe, ga sanyi ga bushewar iska. Firji yana taimakawa na minti 10 zuwa 15, amma in aka bar shi ya daɗe aka fito da shi cikin zafi, raɓa za ta kwanta a kansa, ta narkar da sukari, ta bar fari-fari idan ta bushe. Wannan farin ba ruɓewa ba ne, ana iya ci, kyan gani kawai ya rage. A ajiye a roba mai murfi, a ɗakin da ya fi sanyi, kusa da randa.

Dabino kansa kusan kashi biyu cikin uku na nauyinsa sukari ne, saboda haka baƙin cakulan mai ɗan ɗaci ya fi dacewa da shi, kuma rigar ta zama siririya. Masu ciwon sukari su yi hattara, yara kuma biyu ko uku sun ishe su.

Matan Dutse da Kiyawa da Birnin Kudu da ke yin gullisuwa da tuwon madara da alkaki na sayarwa sun riga sun ƙware a ayyukan da suka fi wannan wuya. Ina kira gare su da su gwada da rabin mudu idan hunturu ya shigo, su kai gidan biki ko suna, su kuma rubuta a jikin robar cewa dabinon Dutse ne.