Kankare Ma Yana Shan Ruwa

Jirwayen da ke fitowa a ƙasan dekin bayan damina, da farin gishirin da ke tsatsowa a gindin bango, da rodin da ke leƙowa ja wur da tsatsa, duk tushensu ɗaya: ruwa ya samu hanyar shiga kankare.

A ido kankare dutse ne, amma cikinsa cike yake da ƙananan ƙofofi da ba a gani. Tun wajen kwaɓi ake haifar da su. Ruwan da siminti ke buƙata don ya kama bai wuce kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsa ba, wato wajen lita 12 ga buhu mai kilo 50. Ana ƙarawa don kwaɓin ya zubu, wannan ba laifi. Laifin shi ne a bar lebura ya tsuga ruwa son ransa don shebur ya yi masa sauƙi. Rarar ruwan nan idan ta bushe sai ta bar hanyoyi, ta nan damshi da gishiri da iska ke bi har su cim ma rodi.

Sabon kankare yana da kaifin alkali da ke hana ƙarfe tsatsa. Iskar kabon da gishiri su ke karya wannan kariya sannu a hankali. Da tsatsa ta kama, sai ta ci wuri fiye da ninki biyu na ƙarfen da ta cinye, ta tura kankaren daga ciki ya tsage, tsagar kuma ta ƙara buɗe wa ruwa ƙofa. A garin Safsaid na jihar Filorida a Amurka, wani ɓangare na wani dogon bene da ke bakin teku ya rufta ranar 24 ga Yuni, 2021, mutum 98 suka rasu. Tun 2018 wani injiniya ya rubuta cewa kariyar ruwan da ke ƙarƙashin farfajiyar wurin ninƙaya na benen ta lalace, tana kuma yi wa kankaren mummunar illa.

Kare gini daga ruwa ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Magabata sun yi ta yayyafa makuba ta ɓawon ɗorawa a daɓe da bango. Na zamani shi ne sila, ruwan magani da ake shafa wa kankare bayan ya ƙosa, kuma iri biyu ne.

Akwai mai nutsewa, irin su silen da siloksen. Wannan yana shiga ƙofofin ya shafe cikinsu, ruwa ya daina kamawa, amma tururin damshin da ke ciki yana iya fita. Ba ya sa ƙyalli, ba ya sa santsi, ba ya ɓarewa tunda ba a sama yake ba, yakan kuma kai shekara biyar ko fiye. Akwai kuma mai yin fata a sama. Akirilik ya fi araha, yana sheƙi, sai dai yakan so sabuntawa bayan shekara ɗaya zuwa uku. Ifoksi ya fi ƙarfi, yana jure mai da tayar mota, shi ya sa ya dace da gareji da sito, amma rana na mayar da shi rawaya. A ganina tsakar gida da farfajiya da bangon da ruwa ke duka, mai nutsewa ya fi musu. Ƙyalli yana jan ido a shago, amma daɓe mai sheƙi idan ya jiƙe tarko ne ga tsofaffi da yara.

Inda aka fi asarar kuɗi shi ne gaggawa. Sabon kankare sai an yi ta ba shi ruwa aƙalla kwana 7, musamman a zafin bazara da bushewar hunturu, sannan galibin sila suna son ya kai kwana 28 kafin a shafa. A wanke mai da ƙura, a bari ya bushe sarai. Mai shakka ya manna leda a daɓen da salatif ta kwana. In gumi ya taru a ƙasanta, da sauran damshi, kuma sila mai fata za ta yi fari ko ta kumbura ta ɓare. A shafa da safe ko da yamma, shafi biyu marasa kauri, ba tsakar rana ba, ba ranar da ƙura ke tashi ba. In silar mai warin fetur ce, a buɗe tagogi, a nisanta ta da wuta. Tankin ruwan sha kuwa, sai wanda aka rubuta a jikinsa cewa ya dace da ruwan sha.

Sila ba ta gyara kankaren da aka cuce shi da yashi, ba ta ɗinke tsaga, ba ta kuma iya wa ruwan da ke kwana a kan dekin saboda ba a ba shi gangara da indararo ba. Waɗannan sai magini ya fara gyara su.

Kafin ruwan farko ya sauka, zuba ɗan ruwa a daɓenka ka tsaya ka gani. In ya dunƙule ya tsaya, kariyar na nan. In ya nutse wurin ya yi duhu cikin 'yan mintuna, lokacin shafawa ya yi.