Daga Dingyaɗi Zuwa Kan Dutsen Bagzan

Mutumin Dingyaɗi bai san tsoron tafiyar ƙasa ba. Wanda ya saba sammako zuwa gona a watan Afrilu, lokacin da zafin Sakkwato ke haura digiri 40, ya wuni yana sassabe, ya dawo da ƙafarsa, in ka ce masa akwai wata tafiya da za ta gagare shi dariya zai yi maka. Sai dai ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce. Daga Boɗinga zuwa Shagari, daga Sifawa zuwa Dange, abin da muke kira dutse bai wuce tudun marmara da yaro mai kiwon awaki ke hayewa kafin hantsi ba. Dukkan yankin bai fi mita 300 da 'yan kai a saman teku ba. Jikinmu ya ƙware a jure zafi da ƙishirwa, amma babu abin da ya taɓa koya masa jure sanyin kan tsauni da ƙarancin iska.

Tsaunukan ba su yi mana nisa kamar yadda muke zato ba. In ka bi ta Illela ka tsallaka Birnin Ƙwanni, ka wuce Tawa da Abalak, bayan tafiyar da ta haura kilomita 600 za ka iske Agadas. Daga bayanta duwatsun Abzin suke farawa, suna miƙewa arewa cikin Sahara, faɗinsu ya kai murabba'in kilomita 84,000. A cikinsu akwai Bagzan, wanda wasu ke kira Bagazam, wani ƙaton tudu mai bangon dutse ta kowane gefe, tsawonsa kimanin kilomita 40, faɗinsa kimanin 20. Ƙololuwarsa, Idukal-n-Tages, mita 2,022 ce, kuma babu inda ya fi ta tsawo a duk Jamhuriyar Nijar. Masana duwatsu sun ce Abzin da duwatsun Damagaram da na Jos dangi ne, jeri ɗaya ne da ya taso daga arewa zuwa kudu, na Abzin su ne manya a shekaru.

Hanyar ma ba baƙuwa ba ce gare mu. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya je Agadas wurin malaminsa Malam Jibrila ɗan Umaru tun yana matashi. Da aka tashi hijira daga Ɗagel zuwa Gudu a 1804, cikin waɗanda suka taimaka wa jama'a da ɗaukar kaya har da Agali, Ba'abzine. Shehun da ya zauna nan Sifawa har zuwa 1815 ya san mutanen tsaunukan nan, ya san hanyarsu. Kantun gishirin Bilma da kakanninmu ke saya wa dabbobi, raƙuman Abzinawa ne ke kawo shi. Har dawakin Bagzan sun yi suna a fadojin ƙasar Hausa.

To yaya ake hawan Bagzan? Da ƙafa. Mota takan kai mutum gindin dutse ta wajen Tabelot, garin masu noman albasa, daga nan sai a sauke kaya a ɗora wa jakuna. Ƙofofin hawa kaɗan ne, kwazazzabai ne matsattsu cike da manyan duwatsu da ruwa ya gangaro da su, sai an yi sa'o'i ana hawa ana hutawa kafin a kai sama. Abin mamaki, in an kai sai a tarar da mutane zaune da garuruwansu, da rijiyoyi, da lambunan alkama da albasa da tafarnuwa, mata na kiwon awaki suna yin cuku. Masu yin doguwar tafiya sukan ratsa tudun su sauka ta wani gefen, su ci gaba ta ƙoramu har Timiya, garin lemo da rumman da dabino, inda ruwa ke zubowa daga kan dutse. Wasu su zarce kufan Asode, tsohon birnin da yanzu sai bangayen dutse, ko su nufi Iferwan. Irin wannan zagaye yakan ci mako ɗaya zuwa biyu, ana kwana a fili, ana cin gurasar da aka gasa cikin toka da yashi, ana shan shayi sau uku a zama ɗaya kamar yadda Buzaye suka saba.

Babu mai hankalin da ke shiga nan ba jagora, kuma a nan ne nake so in daɗe. Mutane da yawa sun ɗauka aikin jagora nuna hanya ne kawai, shi ya sa yaran yanzu ke cewa ai taswirar waya ta wadatar. Taswira za ta nuna maka inda rijiya take, ba za ta gaya maka ta ƙafe tun watan jiya ba. Jagora ne ya san wace rijiya ke da ruwa a wannan shekara, wane kwazazzabo jaki zai iya bi da kaya, wane gari za a yi sallama a nemi izini kafin a ratsa makiyayarsa. Shi ke duba sama ya hana a yi zango a cikin ƙorama duk da laushin yashinta da inuwar itatuwanta, domin a Abzin ruwa kan sauka a kan wani dutse mai nisa, inda kake ko gajimare babu, sai dai ka ji ruri, ambaliya ta iso. Mutanen Agadas ba su manta da watan Satumbar 2009 ba, lokacin da ruwan da ya gangaro daga tsaunuka ya fasa madatsa ya rushe unguwanni. Kuma shi jagoran ne ke lura da wanda ya yi shiru fiye da kima, ko wanda ya daina cin abinci, ya san cewa jikinsa ne ya fara gazawa tun kafin shi mai jikin ya yarda.

Mu Hausawa mun daɗe da sanin darajar wannan mutum. Fataken da suka riƙa zuwa Gwanja sayen goro ba su taɓa tashi ba madugu ba, haka ayarin gishiri da ke tashi daga Abzin cikin Oktoba da Nuwamba ya ratsa yashin Tenere ta Fashi zuwa Bilma. A 1906 an ƙiyasta ayarin shekarar da raƙuma 20,000. Dubban dabbobi da mutane, rayuwarsu na rataye da sanin mutum ɗaya mai karanta taurari da launin yashi. A ayari ba a gardama da madugu kan lokacin tashi ko wurin sauka, komai dukiyar mai gardamar. Yawancin jagororin da suka riƙa kai baƙi kan Bagzan daga irin waɗannan gidaje suka fito, kuma da Hausa za ka yi magana da su, don ita ce harshen kasuwa a Agadas. Bature Heinrich Barth, wanda ya ratsa Abzin a 1850 kafin ya iso Kano, daga baya Sakkwato, da ayarin Abzinawa ya yi tafiyar, ba da dabararsa ba.

Sai maganar sanyi. A ƙa'ida, duk mita 1,000 da ka hau, zafi na raguwa da kusan digiri 6 da rabi. Haɗa wannan da busasshiyar iskar Sahara, sai ka ga dalilin da ya sa a Disamba da Janairu ruwa kan daskare cikin dare a kan Bagzan. Jaurar da ke sa mu kwana gaban wuta a Dingyaɗi ba ta kama ƙafar wannan ba. Da rana kuma hasken rana ya fi ƙuna a sama, leɓe ya tsage, ido ya yi ja, mutum yana zubar da ruwan jiki ta numfashi bai sani ba, tun da sanyi ya hana shi jin ƙishirwa. Rawani da bargo mai kauri da takalmin da ƙafa ta riga ta saba da shi sun fi kowane kayan ƙawa amfani. Sabon takalmi a ranar farko ta hawa, kafin la'asar ya cika ƙafa da bororo.

Bagzan bai kai tsayin da ke jawo ciwon tsauni sosai ba. Haka ma Gangirwal, wanda ake kira Chappal Waddi, dutse mafi tsawo a Nijeriya, mai mita 2,419, a gandun Gashaka-Gumti na jihar Taraba kan iyakar Kamaru, inda ake kwanaki ana tafiya da ma'aikatan gandun da 'yan dako. A waɗannan, haki ne zai fi damun ka. Ciwon yakan fara ne daga mita 2,500 zuwa sama, kuma ya kamata a san shi, domin matasanmu sun fara zuwa Tanzaniya hawan Kilimanjaro, mai mita 5,895, wasu kuma karatu ko fatauci na kai su garuruwan tuddai irin na Habasha.

Ga yadda abin yake. Kason iskar oksijin a sararin sama bai canzawa, kashi 21 ne cikin 100 a Sakkwato, haka yake a kan kowane dutse. Abin da ke raguwa shi ne nauyin iskar, wato yadda take a matse. A mita 2,000, numfashi ɗaya na kawo maka kusan kashi 80 cikin 100 na abin da ka saba samu a ƙasa. A ƙololuwar Kilimanjaro kuwa kusan rabi ne. Jiki na iya sabawa: numfashi ya ƙaru, zuciya ta ƙara bugu, a hankali jini ya ƙara ƙwayoyinsa. Amma sabon na bukatar kwanaki, ba a kuma sayen sa da ƙarfi. Wanda ya yi gaggawa sai ciwon kai ya kama shi, da tashin zuciya, da jiri, da rashin barci, abinci ya fita ransa. In ya yi taurin kai ya ci gaba, ruwa na iya taruwa a huhunsa, ya riƙa haki ko yana zaune, yana tari mai kumfa, ko ƙwaƙwalwa ta kumbura ya fara tangaɗi da sambatu. Waɗannan biyun suna kisa cikin kwana ɗaya ko biyu, kuma babban maganinsu shi ne a sauko da mutum nan take, ko da tsakar dare ne.

Shi ya sa likitocin wannan fanni suka ce in an wuce mita 3,000 kada wurin kwanan yau ya ɗara na jiya da fiye da mita 500, kuma bayan kowane kwana uku ko huɗu a yi hutun wuni guda. Akwai ƙwayar Diamox da ke taimaka wa jiki saurin sabawa, amma likita ke ba da ita, kuma ba ta maye gurbin tafiya a hankali. A Kilimanjaro doka ta hana hawa ba jagora mai lasisi. Kamfanoni na tallan hawan kwana 5 saboda ya fi araha, alhali na kwana 7 ko 8 ya fi kai mutane ƙololuwa lafiya. Jagorori sun sha faɗin cewa ƙarfafan samari ne suka fi ba su wahala, don su ne ke rige-rige a ranar farko, su ne kuma ke ɓoye ciwon kai saboda kunyar a ce sun gaza. A ganina nan ne kunyar da aka rene mu da ita, ta rashin nuna gazawa a gaban mutane, ke iya zama haɗari. A kan tsauni, faɗa wa jagora cewa kai na sara wajibi ne.

Akwai kuma abin da ya shafe mu fiye da Turawan da suka rubuta yawancin littattafan hawan dutse. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Nijeriya na ɗauke da rukunin jini na AS. Mai AS lafiyarsa ƙalau a ƙasa, da yawa ma ba su san suna da shi ba. Amma a wuri mai tsayi, in ƙarancin iska ya haɗu da gajiya da rashin isasshen ruwa a jiki, ƙwayoyin jininsa na iya lanƙwashewa su toshe jijiyoyin saifa, sai ya ji ciwo mai tsanani a hagun cikinsa ƙarƙashin haƙarƙari. Ba kowa abin ke samu ba, amma an sha ganinsa. Mai sikila, wato SS, shi kam bai kamata ya tunkari irin wannan tafiya ba sai da cikakkiyar shawarar likitansa. Gwajin jini da ake yi kafin aure shi ne dai ke nuna rukunin da mutum yake ɗauke da shi, don haka wanda ya riga ya yi sai ya duba takardarsa ya sanar da jagora sakamakon tun kafin a tashi.

Saura batun tsaro, wanda shi ne ya durƙusar da sana'ar jagoranci a Abzin. A 1991 hukumar UNESCO ta sa yankin Abzin da Tenere cikin wuraren gadon duniya, shekara ɗaya bayan haka ta sa shi cikin waɗanda ke fuskantar haɗari saboda tawayen da ya ɓarke. Bayan sulhun 1995 baƙi sun dawo, jiragen sama na sauka Agadas kai tsaye daga Faransa, jagorori da masu raƙuma da maƙeran azurfa suka samu abin yi. Tawayen 2007 zuwa 2009 ya bar nakiyoyi a wasu hanyoyi, sace ma'aikata a Arlit a 2010 ya ƙarasa korar sauran baƙin. Da yawa cikin masu sanin hanya suka koma jigilar baƙin haure zuwa Libiya ko haƙar zinariya. Bayan juyin mulkin Yulin 2023 a Nijar an rufe iyakar Illela na tsawon watanni, a 2025 kuma an sace Turawa mata biyu a cikin garin Agadas kansa. Bahaushe ba ya jan ido a can kamar Bature, amma wannan ba dalili ne na sakaci ba, mu da muke fama da namu 'yan bindigar a gabashin Sakkwato mun san yadda hanya ke lalacewa cikin mako ɗaya.

Wanda ya ƙudura zuwa, lokacinsa daga Nuwamba ne zuwa Fabrairu, bayan ruwa ya ɗauke, kafin zafi ya shigo. Ya tanadi takardun tafiya, ya nemi jagora ta hannun mutanen da aka sani, ko 'yan albasa da masu gishiri da ke zirga-zirga tsakanin Tabelot da Agadas da kasuwanninmu, ya sanar da hukuma a Agadas inda ya nufa da ranar da yake sa ran dawowa. In jagoran ya ce bana hanyar ba ta biyuwa, sai a haƙura a jira baɗi.