Jarin Baƙi: Da Wane Ma'auni Za Mu Auna Amfaninsa?

'Yan uwa suna yawan tambayarmu game da kamfanonin waje masu zuba jari a Kamaru: shin alheri ne a gare mu?

Da farko mu bambance jari da bashi. Mai ba da bashi da ruwa riba ko asara ba ruwansa, kuɗinsa da ƙari yake jira, wannan kuwa riba ce da shari'a ta haramta. Mai zuba jari kuwa yana kafa masana'anta ko ya sayi kaso a cikinta, in an ci a ci da shi, in an faɗi a faɗi da shi. Wannan ya fi kusa da abin da malaman fiƙihu suke kira tarayya ko ƙiradi. Asalinsa halal ne, ko da abokin hulɗar ba Musulmi ba ne, muddin sana'ar halal ce kuma babu zalunci.

Sai dai halaccin abu daban, amfaninsa daban. Bututun man Cadi ya taso daga Doba zuwa Kribi, kilomita 1,070, ya fara aiki a 2003. Gwamnati tana karɓar kuɗin wucewa, amma da aka gama shimfiɗa shi yawancin leburori suka koma gida. Kamfanin auduga na SODECOTON a Garwa kuwa, wanda aka kafa a 1974 da kason Faransawa a ciki, yana sayen audugar manoma duk shekara, yana matse man Diamaor daga gurya, saurarta ta zama abincin shanu. Duk da haka mafi yawan audugar ɗanya take fita, a saƙa ta a waje, mu sayi atamfar da tsada.

Yanzu ga kamfanin Canyon Resources na Ostareliya a Minim-Martap, cikin jiharmu ta Adamawa, zai haƙi dutsen da ake fitar da alminiyum daga cikinsa. Haƙƙinmu ne mu tambaya: 'ya'yanmu nawa za a ɗauka a koya musu aiki? Wa zai biya diyyar gonaki da makiyaya? Me zai rage bayan an kwashe dutsen?

Mu a Banyo arzikinmu shanu ne. Jarin da zai amfane mu shi ne wanda zai sarrafa nono da nama da fata a nan, tare da hanya mai kyau zuwa Fumban da Tibati. Muna kira ga sarakuna da 'yan majalisarmu su nemi a bayyana wa jama'a sharuɗɗan kowace yarjejeniya kafin a sa hannu, domin ƙasa amana ce a wuyansu.

Allah Ya sa mu dace. Allah ne mafi sani.